Matsalolin Giyar Otomatik a Tsofaffin Motocin Iyali: Tambayoyi da Amsoshi

Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda masu motocin iyali masu kujera bakwai ko takwas suka fi yawan kawowa game da giya, musamman motocin da aka ƙera daga wajajen 1996 zuwa 2010: Honda Odyssey, Toyota Sienna, Dodge Caravan da 'yan uwanta Chrysler Voyager da Town & Country, sai Ford Windstar da Freestar. Alamominsu kan yi kama da juna, amma maganin ya bambanta daga mota zuwa mota. Saboda haka duk inda bambancin yake da muhimmanci an ambaci sunan motar.

Me ya sa giyar waɗannan motoci ta fi ta ƙananan motoci saurin gajiya?

Nauyi da zafi. Yawancin giyoyin nan daga ƙananan motoci aka ɗauko tsarinsu, sannan aka ɗora musu jiki mai nauyin kusan tan biyu, ban da mutane da kaya. Duk tashin da mota za ta yi daga tsaye, kwanbata, wato tulun nan da ke tsakanin inji da giya, da mai take tura ƙarfi, kuma wannan turawa zafi take haifarwa. Man giya ya fi jin daɗin aiki tsakanin digiri 80 zuwa 95 a ma'aunin Salsiyos. Idan ya riƙa wuce 120 sai ya fara ƙonewa, robobin da ke riƙe matsin mai su taurare, faiba, wato faya-fayen kuloci da ke cikin giya, su fara zamewa. Zamewar kuma ƙarin zafi take kawowa, sai abin ya riƙa ciyar da kansa har giya ta zauna.

Fitilar D tana ƙyaftawa a allon mota. Giyar ta mutu ke nan?

Ba lallai ba. A motocin Honda, ƙyaftawar D, ko D4 a Odyssey ta 1999 zuwa 2001, na nufin kwamfutar mota ta ga wani abu da bai yi mata daidai ba a giya kuma ta ajiye lamba. Abu na farko shi ne a jona na'urar karanta lambobi kafin a kwance ko da noti ɗaya. Kada a cire kan batir don fitilar ta mutu: an goge shaida ne kawai, cutar tana nan.

P0700 ita kaɗai ba ta bayyana komai. Ma'anarta kwamfutar giya ce ta nemi a kunna fitilar cek injin, ainihin lambar tana ajiye a ɓangaren giya, kuma ƙananan na'urori da yawa ba sa iya shiga can. A nemi wadda ke karanta kwamfutar giya.

Lambobin da suka fi fitowa: P0715 da P0720 na sensar gudu ta shiga da ta fita ne, yawanci gyaran waje ne. P0740 na kulocin da ke cikin kwanbata ne. P0730 na nufin lissafin juyawar inji da na taya bai dace da giyar da aka shiga ba, a taƙaice wani kuloci yana zamewa. A tsohuwar Odyssey, idan P0730 da P0740 suka zo tare, ga mai ya yi baƙi, kusan kullum faiba ce ta cinye, burbushinta ya toshe hanyoyin mai. Sauya solenoid, wato bawul ɗin lantarki da ke buɗe hanyar mai a giya, a irin wannan hali ɓata lokaci ne.

Yaya ake duba man giya daidai?

A nan ake yawan yin kuskure, domin kowane kamfani da tsarinsa. A fara tuƙa motar minti 15 zuwa 20 mai ya ɗauki zafi, a tsaya a wuri mai daidai, ba gangare ba.

A Toyota da Chrysler da Ford ana dubawa inji yana aiki. A taka birki, a zagaya da sandar giya ta kowane matsayi ana tsayawa daƙiƙa biyu ko uku, a mayar P, a zaro geji, a goge, a mayar har ƙarshe, a sake zarowa. Mai ya tsaya a alamar zafi.

A Honda kuwa sai an kashe inji, sannan a duba cikin daƙiƙa 60 zuwa 90. Wanda ya duba Odyssey inji na aiki zai sami karatun ƙarya.

Idan mai ya gaza, a ƙara mililita 250 a lokaci guda ana sake dubawa. Cika shi fiye da kima ma cuta ne: kayan da ke juyawa suna kaɗa shi ya yi kumfa, kumfa kuma ba ta riƙe matsi. Caravan mai giya shida, 62TE, daga 2008, ba a sa mata geji ba. Akwai geji na musamman da ake zurawa a bututun, ana kuma kwatanta tsayin mai da zafinsa a jadawali.

Me launin man yake nunawa?

A ɗiga shi a farar takarda. Ja mai haske ko ja mai ɗan duhu ba damuwa. Ruwan ƙasa mai duhu da ba ya wari ya tsufa, a sauya. Baƙi mai ƙaurin ƙuna na nufin faiba ta riga ta ƙone. Idan ana ganin ƙyalƙyalin ƙarfe a ciki, wani boris ko haƙorin giya ne ke cinyewa. Maganaɗisun da ke jikin notin zubar da mai ko a cikin kwanon ƙasa kullum yana tara laka mai laushi launin toka, wannan ba abin tsoro ba ne. Gutsattsarin da yatsa ke ji su ne labari mara daɗi.

Duk man giya ja ne. Ba zan iya zuba kowanne ba?

Jan rini ne kawai ake sa masa. Abin da ya raba mai da mai shi ne yadda yake barin faiba ta kama, a hankali ko da fizga, kuma kwamfutar kowace giya da halin man kamfaninta aka tsara ta.

Giyar Chrysler da ta fito a 1989 da sunan A604, daga baya aka koma kiranta 41TE, ita ta fi kowace nuna wannan. ATF+4 take sha, shi ya maye gurbin ATF+3. An lalata da yawa daga cikinsu da man Dexron: mota ta fara karkarwa, giya na shiga da duka, bayan wani lokaci faiba ta tafi. Honda ta wancan zamani ATF-Z1 aka rubuta mata, yanzu ATF DW-1 ne madadinsa. Sienna ta 1998 zuwa 2003 Dexron III take sha, ta 2004 zuwa 2006 kuma T-IV. Windstar ta ƙarshe-ƙarshe da Freestar Mercon V. Galibi sunan man yana rubuce a jikin geji, kuma abin da ke jikin geji da littafin mota ya fi maganar mai sayar da mai.

Man da aka rubuta wa cewa yana yi wa motoci iri-iri, wani yana da kyau, amma sai an ga sunan ma'aunin motarka ɓaro-ɓaro a bayan galan.

An ce idan aka sauya man tsohuwar giya sai ta mutu. Gaskiya ne?

Maganar tana da tushe, amma an juya ta. Mutane da yawa ba sa tuna man giya sai ta fara zamewa. A lokacin faiba ta riga ta cinye, burbushinta da ke yawo a cikin tsohon mai shi ke ɗan taimaka mata kamawa. Da an zuba sabo sai zamewar ta fito fili, a ɗora wa sabon mai laifi. Giya mai lafiya sabon mai ba ya kashe ta.

Abin da ya kamata a guje wa a giyar da ta daɗe ba a taɓa ba shi ne wanke ta da injin matsi ko da sinadarin wanki. Wannan yana tayar da dattin da ya kwanta ya kai shi cikin balb-bodi, inda ƙananan hanyoyin mai suke. Hanyar da ta fi aminci ita ce a zubar a cika, sau da yawa.

A Odyssey aikin ba wuya. Notin zubarwa yana da rami mai kusurwa huɗu da kan racet mai inci 3/8 ke shiga kai tsaye. Kusan lita 3 ke fita. A auna abin da ya fita, a goge maganaɗisu, a sa sabuwar washa mai milimita 18, a ɗaure da ƙarfin 49 Nm a ma'aunin ɗaure noti, a mayar da daidai abin da ya fita, a duba geji. Giyar gaba ɗaya tana ɗaukar sama da lita 7, ragowar yana maƙale a kwanbata da hanyoyin mai, shi ya sa zubarwa ɗaya kusan kashi 40 cikin ɗari kawai take sauyawa. Idan aka yi sau uku, ana tuƙa motar ta shiga dukkan giyoyi tsakanin kowace zubarwa, tsohon man da zai rage bai fi kashi 22 ba.

A Caravan mai 41TE babu notin zubarwa, sai an sauke kwanon ƙasa. Kusan lita 4 ke fita. A sauya filta tare da zoben robarta, a tabbatar tsohon zoben bai maƙale a ramin ba, domin zobe biyu ko zoben da ya karkace yana sa famfo ya zuƙi iska. Da gam ɗin silikon mai jure man giya kamfani ya rufe kwanon, siririn layi ya isa. Wanda ya lafta shi da yawa, ragowar tana gutsurewa ta faɗa ciki. Ƙusoshin kwano 19 Nm.

Sienna ta farko mai A540E tana da wani abu da ake mantawa: ɗakin difarenshal ɗinta, wato haƙoran da ke raba ƙarfi ga tayoyi biyu, daban yake da nasa man da nasa noti. An sha sauya man giya a bar wancan shekara da shekaru.

Motar da ke ɗaukar kaya ko yawan tsayawa a cunkoso, a sauya mata kowane kilomita 40,000 zuwa 50,000.

Motata ta maƙale a giya ɗaya, tana tashi da nauyi, ba ta sauyawa. Idan na kashe na kunna sai ta dawo daidai.

Wannan halin Caravan da Voyager masu 41TE ne sananne. Idan kwamfutar giya ta ga matsala babba sai ta yanke wutar solenoid ta hanyar riley, giya ta koma ta biyu ta zauna. Ribas yana aiki, P da N suna aiki. Da gangan aka tsara haka don a iya lallaɓawa zuwa wurin gyara. Kashewa da kunnawa yana dawo da wutar har sai kwamfuta ta sake ganin matsalar.

Kafin a yi maganar sauke giya, a bi waɗannan. Sensar gudu biyu suna gaban giya, da soket mai inci 1 ake kwance su, jikinsu roba ne, kada a matse da ƙarfi. Idan allurar gudu ta faɗi sifili ko tana tsalle a lokacin da abin ya faru, sensar fita ce. A duba soket ɗinsu ma, wayoyin suna sassautawa. Sai riley da fiyus na giya, sai wayar as da ƙarfin batir, domin raunin wuta kaɗai yana iya jefa giyar nan cikin wannan hali. Sai akwatin solenoid, wanda ke ɗaure a wajen giya, ana sauya shi ba tare da an sauke ta ba.

Giyar nan tana da wata fa'ida: na'ura mai kyau tana karanta adadin man da kowane kuloci ke buƙata kafin ya kama, ana kiransa CVI. Iyakokin kulocinta huɗu su ne 35 zuwa 83 ga LR, 20 zuwa 77 ga 2/4, 24 zuwa 70 ga UD, 48 zuwa 150 ga OD. Lambar da ta haura iyaka tana nuna wannan kuloci ya cinye, an ga cikin giya ke nan ba a buɗe ta ba. Bakaniken da ya ce a sauke 41TE bai karanta waɗannan lambobi ba, hasashe yake yi.

Da safe idan na sa D ko R sai ta yi jinkiri kafin ta kama.

Ma'aunin Toyota shi ne ƙasa da daƙiƙa 1.2 daga N zuwa D, ƙasa da 1.5 daga N zuwa R, a giyar da ta yi zafi. Ana iya kwatanta sauran motoci da shi.

Idan jinkirin na tashin farko ne kawai bayan mota ta kwana, mai ne ya tsiyaye daga kwanbata zuwa ƙasa. A bar inji ya yi aiki rabin minti kafin a sa giya. Idan jinkirin yana nan duk lokacin sanyi, yana tafiya in ta yi zafi, robobin fistan na kuloci sun taurare, zafi ke sa su laushi su riƙe matsi. Irin wannan giya tana iya jan lokaci idan ba a taka totur kafin ta kama. Idan kuwa akasin haka ne, lafiya lau da sanyi, in ta yi zafi sai ta ƙi kamawa, wannan ya fi muni: mai ya tsinke yana zurarewa ta wuraren da suka cinye, ko filta tana toshewa. A Chrysler lambar P0944 tana nuna famfo ya rasa mai, a fara da geji da filta.

Tsakanin giya ta biyu da ta uku inji yana ihu kafin ta kama.

Kulocin da ke saki ya saki, wanda zai karɓa bai kama da wuri ba, inji ya sami kansa babu kaya. A Odyssey ta 1999 zuwa 2004 kulocin giya ta uku ne ya fi cinyewa. Akwai abubuwa biyu na waje da ya dace a gwada tukuna: makunnan matsin mai da ke gaya wa kwamfuta cewa kuloci ya cika, da ƙananan ragogin tace mai da ke ƙarƙashin solenoid masu daidaita matsi. Ana cire su a wanke ragar. Idan an tarar da ita cike da baƙin burbushi, an sami sauƙi na ɗan lokaci, amma an kuma san inda burbushin ya fito.

Kowace zamewa tana ƙona faiba. Kafin a kai gyara, ɗaga ƙafa kaɗan daga totur daidai lokacin sauyawar yana rage ɓarnar.

Mota tana karkarwa tsakanin kilomita 50 zuwa 70 a awa, kamar an hau titi mai gargada.

A wannan gudu kulocin kwanbata ke fara kamawa don haɗa inji da giya kai tsaye. Idan mai ya gaji ko ba nasa ba ne, kulocin yana kamawa yana saki da sauri. Gwajin: a hanya mara cunkoso, lokacin da karkarwar ta fara, a riƙe totur yadda yake, a ɗan taɓa birki da ƙafar hagu iya yadda fitilar birki za ta kama. Kwamfuta za ta saki kulocin. Idan karkarwar ta ɗauke nan take, tana da alaƙa da kamawar kwanbata.

Sai dai gwajin bai wanke inji ba. Fulogi ko koyil mai rauni ya fi nuna kansa daidai lokacin da kwanbata ta kulle, in ta saki sai mai ya shanye girgizar. A duba lambobin P0300 zuwa P0306 da fulogi. A tsohuwar Odyssey toshewar hanyar EGR da ke mayar da hayaƙi cikin inji, mai lamba P0401, tana kawo irin wannan tangarɗa. Karkarwar da ke zuwa sai an taka totur da ƙarfi, a kowace giya, galibi shaf ne na ciki. Idan duk waɗannan lafiya, zubarwa da cikawa sau uku da man da ya dace tana magance da yawa. Wadda ta ƙi, kwanbata za a sauya.

Idan na sa giya sai in ji duka a ƙasa.

A duba kujerun inji kafin a zargi giya. Mutum ɗaya ya ja birkin hannu, ya danne birki, ya sa D sannan R, wani yana tsaye a gefe, ba a gaban mota ba, yana kallon inji. Idan inji yana ɗagawa sosai, kujera ta yage. Injin da ke juyawa sama da kima a tsaye shi ma yana sa giya shiga da duka.

Sienna ta 2004 zuwa 2006 tana ɗan jinkiri idan na rage gudu na sake taka totur. Giyar ce?

Sau da yawa ba lalacewa ba ce. Totur ɗin motar na lantarki ne, giyar mai biyar ce, kwamfuta tana ɗaukar lokaci kafin ta zaɓi giyar da za ta koma. Masu motar sun yi ta kuka da wannan tun tana sabuwa. Idan babu lamba, mai yana da kyau, inji ba ya ihu, ba dalilin buɗe giya. A wanke bakin totur da sensar iska, a tambaya ko an sabunta manhajar kwamfutar.

Na ji kamfanoni sun taɓa kiran a dawo da wasu daga cikin motocin nan don gyara giya. Wane gyara aka yi?

A 2004 Honda ta kira Odyssey ta 2002 zuwa 2004 a Amurka, tare da wasu motocinta masu giya biyar. Haƙoran giya ta biyu ba sa samun isasshen mai a doguwar tafiya, suna zafi har su iya karyewa, karyewar kuma tana iya kulle giya mota na gudu. An ƙara bututun da ke fesa mai a kan giyar, waɗanda haƙoransu suka riga suka sauya launi aka sauya musu giya. Ana gane motar da aka yi wa aikin da ƙaramin bututu da ya shiga ta wurin notin zuba mai a saman giya, shi ya sa irinsu ta bututun geji ake zuba musu mai. Wannan gyara bai shafi cinyewar kulocin giya ta uku ba, matsala ce daban.

A 2012 Ford ta kira Freestar da 'yar uwarta Mercury Monterey na 2004 da 2005 saboda haƙoran da ke haɗa kwanbata da shaf suna cinyewa, mota ta rasa gaba da ribas lokaci guda. Motar da aka ƙera don kasuwar Amurka ana iya sa lambar jikinta mai harafi 17 a shafin NHTSA, hukumar kiyaye haɗurra a hanya ta Amurka, a ga ko akwai kiran da ba a yi mata ba.

Ina tafiya sai mota ta saki gaba ɗaya, inji na aiki, ba gaba ba ribas.

A leƙa ƙasa. Idan mai ya malale, tiyon da ke kai mai lagireto ne ya fita ko ya fashe, a kashe inji nan take. Idan babu mai a ƙasa, a sa D a kalli allurar gudu: idan tana hawa mota na tsaye, shaf ne ya karye ko ya zare, giya lafiyarta ƙalau. Idan bayan an kashe minti goma ta sake tafiya kaɗan ta kuma saki, filta ce ta toshe, dattin yana sauka in an kashe inji, ya sake taruwa in an kunna. Idan babu ko ɗaya daga cikin waɗannan, famfo ne ko haƙoran kwanbata.

A Caravan akwai wata ɓarnar: idan taya ɗaya ta kafe a laka ko yashi aka yi ta taka totur tana juyawa ita kaɗai, ƙarfen tsakiyar difarenshal yana iya zarewa ya fasa jikin giya.

Man giya ya koma ruwan hoda mai kauri, fari-fari.

Ruwan lagireto ya shiga. Bututun da ke sanyaya man giya yana ratsawa ta cikin lagireto, ya ɓule. A daina tuƙi. Ruwa yana narkar da gam ɗin da ya manne faiba a jikin ƙarfenta. Idan an gano da wuri, a sauya lagireto, a sauya mai sau da yawa, wani lokaci ana tsira. Idan an yi tafiya da shi, faiba za ta ɓare ko da bayan makonni.

Ƙara wa giya na'urar sanyaya mai ta daban yana da amfani?

Ga motar da ke jan tirela, ko hawa tsauni da kaya, ko aiki a wuri mai zafi, yana daga cikin abubuwa kaɗan da suke ƙara wa giya kwana da gaske. Ana ɗaura ta gaban lagireto, mai ya fito daga giya ya bi lagireto, sannan ya bi sabuwar, ya koma giya. A yi amfani da tiyon man giya, ba na fetur ba, a kuma ƙara mai gwargwadon abin da ta sha. Fankar lagireto da ba ta tashi tana dafa giya kamar yadda take dafa inji. A doguwar hawa da kaya, idan giya tana ta kai-komo tsakanin ta sama da ta ƙasa, a sa D3 ko a kashe O/D, maɓallin giya ta sama.

Maganin da ake zubawa a giya don hana zamewa fa?

Yana kumbura robobi ko ya ƙara wa mai kauri. Faibar da ta cinye ba ta dawowa. Ga giyar da an riga an yanke shawarar sauke ta, ba asara. Giya mai lafiya kada a zuba mata.

A gyara wadda ke jiki ko a sa ta hannu?

Giya ta hannu daga irin motar tana ɗauke da irin raunin, kuma ba wanda ya san tarihinta. Idan ita za a sa, lambar da ke jikinta ta dace da ta tsohuwar: Odyssey ta 2001 mai giya huɗu ce, ta 2002 mai biyar, ba sa musanya. A 41TE ma soket da lissafin haƙora sun sauya tsakanin shekaru. A zubar da manta a gani kafin a ɗaura, a sauya oyil-sil na kwanbata da na shaf tun tana ƙasa.

Gyara mai kyau ba sauya faiba ba ne kawai. Ya haɗa da faya-fayen ƙarfe da suka ƙone, dukkan robobi, filta ta ciki, wanke balb-bodi da gwada solenoid, auna tazarar kowane kuloci, da sauya kwanbata, domin ba a iya wanke cikinta. A Honda filta ta ciki sai an raba jikin giya ake kai gare ta, wannan ce damar sauya ta.

Abu biyu ke kashe giyar da aka gyara cikin 'yan watanni. Na farko, barin dattin tsohuwar a cikin lagireto da tiyo, da an kunna ya koma cikin sabuwar. A wanke su har mai ya riƙa wucewa da kyau, in ya ƙi a sauya lagireto. Na biyu, kwanbatar da ba ta zauna har ƙarshe a kan famfo ba kafin a haɗa giya da inji: ana ɗaure ƙusoshi famfo ya fashe. A Chrysler kuma dole a yi wa kwamfuta sabon koyo da na'ura, wanda ake kira Quick Learn, bayan sauya giya, balb-bodi, akwatin solenoid ko kwamfutar kanta. Idan ba a yi ba, za ta ci gaba da tura mai bisa lissafin tsohuwar faiba.

Ana iya jan motar da igiya?

Famfon giya da inji yake juyawa. Idan inji a kashe, tayoyin gaba suna juya kayan ciki babu mai. A ɗora ta a kan motar ɗauka, ko a ɗaga tayoyin gaba. Mai jan ƙafa huɗu dole duka tayoyin su bar ƙasa. Tura mota mai otomatik don ta tashi kuwa ba ya aiki.

Zan sayi irin wannan mota. Yaya zan gwada giyarta?

Ka nemi a bar maka ita da sanyi, ba wadda aka riga aka ɗumama ba. Ka kunna makulli ka tabbatar fitilar cek injin tana kamawa kafin inji ya tashi, domin ana cire ƙwanta. Ka duba jinkirin D da R. Ka tuƙa aƙalla minti 30, da tafiyar cikin gari da ta babbar hanya, ka ƙirga sauyawar giya ɗaya bayan ɗaya da totur kaɗan, sannan da totur sosai. Ka riƙe gudu tsakanin 50 da 70 ka saurari karkarwa. Bayan ta yi zafi ka tsaya ka sake gwada ribas, a kan ɗan tudu in da hali. Ka jona na'ura: idan babu lamba amma gwaje-gwajen kwamfuta suna nuna ba su kammala ba, kwanan nan aka goge. Sabon mai ja wur a motar da sauran jikinta ba ya nuna kulawa shi ma abin tambaya ne, ka shinshina gejin, ƙaurin ƙuna ba ya fita da zubarwa ɗaya.